Babi na Shida: Shin Ya Kamata a Biya Ɗalibin da Ke Buga wa Jami'arsa Wasa?

Duk wanda ya taɓa cin karo da wasan jami'o'in Amurka a talabijin ko a wayarsa, tambayar farko da ke zuwa masa ita ce: wai waɗannan da gaske ɗalibai ne? Filin wasan Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 107,000, ga shi kuwa babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja bai wuce kimanin 60,000 ba. Jiragen sama na musamman ke kai 'yan wasan, manyan gidajen talabijin ke nuna su kai tsaye, rigunansu kuma suna cike da shaguna. Daga nan sai tambaya ta biyu ta biyo baya: to nawa ake biyan yaran?

Har zuwa tsakiyar shekarar 2021, amsar ita ce babu albashi ko na sisin kwabo. Wanda ma ya kuskura ya karɓi kuɗi saboda wasansa, zai iya rasa gurbinsa a ƙungiya, a kuma hukunta makarantarsa. Kafin mu yanke hukunci a kan ko hakan adalci ne, bari mu bi sawun kuɗin tukuna.

Daga ina kuɗin suke fitowa?

Wasanni biyu ne ke riƙe da tukunyar: ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita ana ture juna, da ƙwallon kwando ta maza. Kuɗin ƙofa da na tallace-tallace da gudummawar tsofaffin ɗalibai suna da yawa, amma babbar rijiyar ita ce talabijin.

Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, wato NCAA, tana shirya gasar kwando duk watan Maris, inda ƙungiyoyi 68 ke fafatawa, wanda aka doke ya tafi gida. A 2010 gidajen CBS da Turner suka sayi izinin nuna wannan gasa na shekara 14 a kan dala biliyan 10.8. A 2016 suka ƙara dala biliyan 8.8 domin yarjejeniyar ta kai 2032. Ƙwallon Amurka ta fi haka kawo kuɗi. A 2022 rukunin jami'o'in da ake kira Big Ten ya ƙulla cinikin kimanin dala biliyan 7 na shekara bakwai da gidajen Fox da CBS da NBC.

Tunda a wancan lokacin ba a biyan 'yan wasa, dole kuɗin su nemi wata hanyar fita. Sun tafi wajen gina katafaren ɗakunan motsa jiki, da ɗaukar ma'aikata rututu, da albashin masu horarwa. Nick Saban na Jami'ar Alabama yana karɓar sama da dala miliyan 11 a shekara kafin ya ajiye aiki. A jihohi da dama na Amurka, kocin jami'ar gwamnati ya fi gwamna da shugaban jami'ar albashi nesa ba kusa ba. Da Jami'ar Texas A&M ta kori kocinta Jimbo Fisher a 2023, sai da ta ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75, kuɗin sallama kawai. Bahaushe ya riga ya yi wa irin wannan tsari take: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Yadda dokar ta samo asali

Kasuwanci bai taɓa rabuwa da wasannin nan ba. Karawar farko tsakanin jami'o'i biyu a Amurka, tseren kwale-kwale tsakanin Harvard da Yale a 1852, wani kamfanin jirgin ƙasa ne ya ɗauki nauyinta domin ya jawo fasinjoji zuwa tafkin da aka yi tseren.

Ita kuwa NCAA tsoron mutuwa ne ya haife ta. A kakar 1905 'yan wasa aƙalla 18 suka rasa rayukansu a filayen ƙwallon Amurka, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i ya ja musu kunne. A 1906 aka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama NCAA, kuma tun daga farko ta ɗauki aƙidar da aka gado daga masu hali na Ingila, cewa mutumin kirki yana wasa ne don sha'awa, karɓar kuɗi kuwa zubar da mutunci ne. Aƙida ce mai sauƙin riƙewa ga ɗan attajirin da bai san kuɗin haya ba.

Abin da ya ƙara wa dokar ƙarfi shi ne batun diyya. A 1955 wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison ya mutu sakamakon bugun da ya samu a ka yana buga wa kwalejin Fort Lewis ta jihar Kolorado. Matarsa ta nemi a biya ta diyyar da ake biyan iyalin ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki. Kotun Ƙolin jihar ta hana ta, bisa hujjar cewa kwalejin ba sana'ar ƙwallo take yi ba, saboda haka mijinta ba ma'aikacinta ba ne. Walter Byers, wanda ya shugabanci NCAA daga 1951 na tsawon shekara fiye da 35, ya bayyana da kansa bayan ya yi ritaya cewa da gangan suka dage a riƙa kiran 'yan wasan ɗalibai a kowace takarda, domin kada kotu ta ɗauke su ma'aikata. A ƙarshen rayuwarsa shi ma ya juya wa tsarin baya.

Hujjar masu cewa kada a biya

Masu kare tsohon tsari suna da abin faɗa, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Suna cewa ai ana biyan yaran, sai dai ba da tsabar kuɗi ba. Ɗan wasan da ya samu cikakken tallafin karatu ba ya biyan kuɗin makaranta, da ɗaki, da abinci, da littattafai. A jami'o'i masu tsada wannan ya haura dala 80,000 a shekara, a ƙasar da miliyoyin matasa ke gama digiri da bashi a wuya. Ga likitoci, ga masu horarwa, ga malamai na musamman da ke taimaka masa da darasi. Daga 2015 ma an fara ƙara musu 'yan dubban daloli a shekara don ƙananan buƙatu.

Abin ya yi kama da zaman yaron shago da ubangidansa a kasuwa. Yaro zai yi shekaru yana buɗe shago yana rufewa ba tare da albashi ba, amma ci da sha da suturarsa suna wuyan maigida, yana koyon ciniki, yana sanin mutane, kuma ran da wa'adi ya cika a sallame shi da jari. Babu mai kiran wannan zalunci muddin sallamar ta tabbata. A wurin jami'a, sallamar ita ce digiri, ko kuma shiga ƙungiyar ƙwararru.

Hujja ta biyu ta lissafi ce. NCAA tana da makarantu kusan 1,100 da 'yan wasa sama da rabin miliyan. Mafi yawansu 'yan ƙananan wasanni ne, irin su masu iyo, da masu tsere, da 'yan kokawa, da 'yan tanis, waɗanda wasanninsu ba sa mayar da ko kuɗin motar da ta kai su. Ribar ƙwallon Amurka ce ke ciyar da su. Idan aka raba wannan riba ga waɗanda suka samo ta, wa zai riƙe sauran? Akwai kuma dokar tarayya ta 1972, wadda aka fi sani da Title IX, da ta wajabta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnati ta bai wa mata da maza dama daidai. Wannan doka ce ta raya wasannin mata a Amurka, kuma duk wani rabon kuɗi sai ya bi ta gabanta.

Inda hujjar ta yi rauni

Komawa ga yaron shago, tambayar ita ce: sallamar tana tabbata kuwa? Alƙaluman NCAA da kanta sun nuna cewa waɗanda ke samun shiga manyan ƙungiyoyin ƙwararru ba su kai biyu cikin ɗari ba. Saura digiri ke nan. A ƙa'ida bai kamata atisaye da wasa su wuce awa 20 a mako ba, amma binciken da hukumar ta yi a tsakanin 'yan wasan ya nuna masu ƙwallon Amurka a manyan jami'o'i suna kashe sama da awa 40 a mako a lokacin kaka. Wanda ya tashi ɗaga ƙarfe tun asuba, ya yi atisaye da yamma, ya kalli bidiyon abokan karawa da dare, da wane ƙarfi zai karanta injiniya ko likitanci? Sau da yawa akan tura shi kwas ɗin da ba zai ci karo da jadawalin koci ba.

Wani lokacin ma karatun na jeka-na-yi-ka ne. Rahoton binciken da aka fitar a 2014 a kan Jami'ar North Carolina ya gano cewa cikin shekara 18 ɗalibai kusan 3,100 sun yi rajistar darussan da ba a shiga aji, sai dai a miƙa takarda guda a samu maki mai kyau, kuma kusan rabinsu 'yan wasa ne. Sannan daga 1973, na kusan shekara 40, tallafin karatun na shekara ɗai-ɗai ne. A lokacin, wanda gwiwarsa ta lalace ko sabon koci bai so shi ba, ana iya ƙin sabunta masa.

Mai karatu zai ce, to wanda bai gamsu ba ya tafi wani wuri mana. Ƙofar ce ƙarama. Gasar ƙwararrun ƙwallon Amurka, NFL, ba ta ɗaukar yaro sai ya shekara uku da gama sakandare, ta kwando kuma, NBA, sai ya kai shekara 19. A Turai matashi ɗan shekara 17 zai iya sa hannu a kwantiragi da kulob ɗin ƙwallon ƙafa ya fara karɓar albashi. A Amurka, musamman ga mai ƙwallon Amurka, jami'a ce kusan hanya ɗaya tilo, kuma jami'o'in sun haɗa baki a kan farashi guda.

Akwai wani ɓangaren da ke sa maganar ta ƙara zafi. Kaso mai yawa na 'yan wasan da ke jawo biliyoyin nan baƙaƙen fata ne, da yawa daga gidajen talakawa, alhali wasannin da ake ciyarwa da guminsu, irin su gwalf da tanis da tseren kwale-kwale, sun fi cika da 'ya'yan masu hali. A 2014 Shabazz Napier, tauraron Jami'ar Connecticut da ta ci kofin kwando a shekarar, ya shaida wa 'yan jarida cewa akwai daren da yake kwana da yunwa. A watan Afrilun shekarar ne NCAA ta janye iyakar da ta sa a kan yawan abincin da makaranta za ta iya bai wa ɗan wasa.

Waɗanda doka ta hau kansu

Hukuncin kuwa ba na wasa ba ne. Reggie Bush na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya ci kambin Heisman, lambar yabo mafi girma a ƙwallon jami'o'i, a 2005. Da aka gano cewa shi da iyalinsa sun karɓi kuɗi da gidan zama daga masu neman zama dillalansa, sai ya mayar da kambin a 2010. Ba a dawo masa da shi ba sai a 2024. A ƙarshen 2010 aka dakatar da 'yan wasan Jami'ar Ohio State biyar na wasanni biyar-biyar, laifinsu shi ne sayar da zobba da riguna da kyaututtukan da su da kansu suka ci. A 2017 Donald De La Haye na Jami'ar Central Florida ya rasa gurbinsa saboda ya ƙi daina samun kuɗi da bidiyon da yake sakawa a YouTube. Ɗalibin da ke koyon kiɗa ko kwamfuta a aji ɗaya da shi yana da 'yancin sayar da basirarsa yadda ya ga dama.

Ranar da kotu ta shiga

Ed O'Bannon ya jagoranci jami'ar UCLA ta ci kofin kwando a 1995. Bayan shekaru, yana aikin sayar da motoci a jihar Nevada, sai ya ga ɗan abokinsa yana buga wasan bidiyo na kamfanin EA Sports. A allon akwai wani ɗan wasan UCLA mai aski ƙwal, bahago, sanye da riga mai lamba 31. Komai nasa ne, sunan kawai aka cire, kuma babu wanda ya nemi izininsa balle ya biya shi. A 2009 ya kai ƙara. A 2014 mai shari'a Claudia Wilken ta yanke cewa dokokin NCAA sun saɓa wa dokar da ta hana 'yan kasuwa haɗa baki su danne farashi.

Daga nan bango ya fara tsagewa. A 2019 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba 'yan wasan jami'a damar yin talla da sunansu, wasu jihohi suka bi sahu don kada a kwashe musu zaratan yara. A watan Yunin 2021, a shari'ar Alston, alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara duka suka yanke wa NCAA hukunci. Ƙarar ta tsaya ne a kan abubuwan da suka shafi karatu, kamar kwamfuta da kyautar ƙwazo, amma mai shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta nasa ra'ayin daban, ya ce irin wannan tsari haramun ne a kusan kowace sana'a a ƙasar. Ya ba da misali da masu gidajen abinci: ba su da ikon haɗa kai su rage albashin masu girki, da hujjar wai masu ciniki sun fi son abincin da mai ƙaramin albashi ya dafa. Ranar 1 ga Yulin 2021 NCAA ta janye hannunta, aka bar kowane ɗan wasa ya ci moriyar sunansa da hotonsa, tsarin da ake taƙaitawa da haruffan NIL.

Da kasuwa ta buɗe

Abu na farko da ya bayyana shi ne cewa 'yan kallo ba su gudu ba, duk da an daɗe ana tsorata mutane da hakan. Caitlin Clark ta Jami'ar Iowa ta yi talla wa Nike da Gatorade da State Farm tana ɗaliba, kuma wasan ƙarshe na mata da ta buga a 2024 ya samu masu kallo kusan miliyan 19, fiye da na maza a shekarar. EA Sports ya dawo da wasan bidiyonsa na ƙwallon jami'o'i a 2024, wannan karon da sunayen 'yan wasa na gaskiya, yana ba kowanne dala 600 da kwafin wasan.

Abu na biyu shi ne rikici. Attajiran magoya baya suka kafa ƙungiyoyin tara kuɗi, suna sayen 'yan wasa da sunan talla. Tunda an sassauta dokar sauya makaranta, yaro kan iya buga wa jami'a uku ko huɗu kafin ya gama. Alƙawura da yawa na fatar baki ne. A watan Satumban 2024 Matthew Sluka ya bar ƙungiyar Jami'ar Nevada da ke Las Vegas bayan ta ci wasanninta uku na farko, dillalinsa yana cewa an yi masa alƙawarin dala 100,000 ba a cika ba, jami'ar kuma tana musanta cewa ta yi alƙawarin. Babu takardar da za a duba a raba gardama.

Mataki mafi girma ya zo ranar 6 ga Yunin 2025, lokacin da mai shari'a Wilken ta amince da sulhu a ƙarar da Grant House, ɗan iyo na Jami'ar Arizona State, ya jagoranta. Za a biya tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekara 10. A karon farko kuma an ba jami'a izinin biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Duk wani cinikin talla da ya kai dala 600 sai an kai shi an tantance. Jami'o'i da dama sun ware kusan kashi 75 cikin ɗari na kuɗin ga ƙwallon Amurka, kashi 15 ga kwandon maza, sauran wasanni duka su raba ragowar. Nan da nan wasu 'yan wasa mata suka ɗaukaka ƙara, suna cewa rabon diyyar ya saɓa wa dokar 1972.

To, a biya su ko kada a biya?

A inda wasa ke kawo biliyoyi, hujjar hana biya ta faɗi. Ba a taɓa neman koci ko shugaban hukuma ko gidan talabijin su yi aiki don sha'awa ba, sai wanda ke sa ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa a hatsari. Tsoron da ake yi wa ƙananan wasanni gaskiya ne, amma jami'ar da ta iya biyan korarren koci dala miliyan 75 ba za ta ce albashin ɗan wasa ne zai kashe ƙungiyar iyo ba. A inda wasa ba ya kawo riba kuwa, wato a mafi yawan makarantu, tallafin karatu ciniki ne mai kyau, muddin an bar yaron ya yi karatun da gaske.

Abin da ya rage shi ne wa ke yanke farashi. A NBA da NFL 'yan wasa suna samun kusan rabin kuɗin shiga, domin suna da ƙungiyar ƙwadago da ke zama a teburi da masu kulob, a tattauna albashi da inshorar rauni da fansho. Sulhun 2025 ya tsayar da kason 'yan jami'a a kan kashi 22 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin shigar manyan makarantu, kuma lauyoyi ne suka cimma shi, ba zaɓaɓɓun wakilan 'yan wasa ba. 'Yan ƙwallon Jami'ar Northwestern sun nemi kafa ƙungiya a 2014 abin bai yiwu ba. 'Yan kwandon Dartmouth sun kaɗa ƙuri'a 13 da 2 a watan Maris na 2024, amma suka janye kafin shekarar ta ƙare. Yau jami'a tana biyan ɗan wasa, tana tsara masa lokacin tashi da na kwanciya, tana ɗauke shi daga Los Angeles zuwa gaɓar gabas a tsakiyar zangon karatu, amma har yanzu ba ta yarda ma'aikacinta ne ba. Muddin ba a warware wannan ba, wanda ya ji rauni mai ɗorewa ba shi da cikakkiyar kariyar da doka ta tanadar wa ma'aikaci.

Akwai kuma wani rukuni da sabon tsarin ya bari a bakin ƙofa. Ɗan kwando Hakeem Olajuwon ya tashi daga Legas zuwa Jami'ar Houston, 'yar tsere Tobi Amusan ta bi ta Jami'ar Teksas da ke El Paso kafin ta kafa tarihin duniya a 2022, kuma duk shekara matasan Afirka suna bin wannan hanya. Bizar ɗalibi da suke shiga da ita ta taƙaita musu yin aikin kuɗi a cikin Amurka, saboda haka abokin wasansu zai iya sa hannu a talla, su kuwa sai sun yi taka-tsantsan don kada su rasa izinin zama. Yadda ake zaƙulo waɗannan yara, da waɗanda ke tsaye tsakaninsu da jami'o'in, da abin da iyaye ya kamata su tambaya kafin su sa hannu, shi ne abin da za mu duba a babi na gaba.